Abin da Ya Tsayar da Wasansa a Kashi Sittin da Uku

Da hannun hagu nake rubuta muku wannan, don haka wanda ya ga kuskure ya yi mini uzuri. Na dama yana naɗe cikin bandeji, yatsu biyu sun kumbura kamar ba nawa ba. Wasunku sun cika mini akwatin saƙo da tambayar inda na shige kwana huɗu. Ku gyara zama, yau ba labarin dariya na zo muku da shi ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni mai gyaran kwamfuta ce. Shekara uku ke nan ina aiki a shagon Kawu, ƙanin Ummata, a hawa na biyu na wani dogon gini, tsakanin shagon wata mai ɗinki da na mai sayar da tabarau. Kawu ne ya koya mini aikin, shi ne kuma ya laƙaba mini Injiniya har sunan ya bi ni gida. Wanda yake nemana kuwa, Dogo abokansa ke ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan.

A shagon muka haɗu, lokacin da ya zo Kawu ya haɗa masa kwamfutar wasa. Irin mai bangon gilas ce, fanka uku a gaba, fitilu suna canza launi daga ja zuwa shuɗi. Ranar da ya zo ɗauka rungume ta ya yi kamar jaririya, ya ƙi bari kowa ya kama masa. Na yi dariya, ya ɗago ya dube ni, daga nan aka fara.

Umma ta so shi tun ranar farko. Har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ta, muryarsa a sanyaye, takalminsa a goge, turarensa ya kwana biyu a falo bayan ya tafi. Duk lokacin da na ce ina so in ƙara nazari, sai ta ce nazarin me, ƙannen bayana suna ta aure ni ina fama da sukurdireba. Baba shi ba mai yawan magana ba ne, direban babbar mota ne da ya ajiye aiki, abin da ya ce kawai shi ne a bi a hankali.

Akwai abin da ke ba ni mamaki game da Dogo, kuma in faɗi gaskiya daɗi yake yi mini. Yana sanin abin da ban faɗa masa ba. Ranar da kaina ya yi ciwo, ƙawata kaɗai na gaya wa, sai ga saƙonsa: "Ki sha magani ki kwanta, Injiniyata." Ranar da na gwada wani koren mayafi na ɗauki hoto ban tura wa kowa ba, da yamma ya rubuto cewa shi fa kore ya fi so a jikina. Na gaya wa Umma, ta ce mai sonka ai da zuciya yake ganinka. Ni da nake buɗe cikin na'ura kullum, na yarda da wannan maganar. Ku yi mini dariya, na cancanta.

Ranar Talata ce. Na saka baƙar doguwar riga da rigar aiki mai aljihu huɗu a sama, na ɗaure kaina da ɗan ƙaramin mayafi ruwan toka don kada ya shiga fanka. Tun safe saƙonninsa suke shigowa.

"Kawunki yana nan?"

"Ya tafi karɓo kaya, sai la'asar."

"Sabon wasan ya ƙi sauka. Tun jiya yana kan kashi 63."

"Kawo in duba maka."

"A'a. Kawu nake so."

Na ɗan ji haushi, amma na share. Bayan azahar sai ga shi ya turo ƙofa da ƙafa, kwamfutar a rungume, farar rigarsa ta jiƙe da gumi a baya. Ko gaisuwa babu. Ya ce shi da abokansa huɗu sun shiga gasa, ƙarfe biyar za a fara, kowa ya sauke wasan sai shi. Ya kira Kawu sau uku ba a ɗauka ba. Ya zauna, ya tashi, ya duba agogo, daga ƙarshe ya ce to in duba, amma intanet ɗin kawai, kada in taɓa masa komai, kuma yana tsaye a kaina.

Na tambaye shi abin da ya gwada. Ya ce ya kashe rawuta ya kunna ya fi sau goma, ya sayi sabon data, ya kira kamfanin intanet ya zazzage musu kwandon zagi. A gida da waifai yake amfani, ɗakinsa kuma yana nesa da rawutar. Na ce wataƙila daga nan ne. Na ɗora ta a teburin ciki, na jona mata kebul kai tsaye, na gwada gudun layinmu a kwamfutar shago na ga lafiya lau. Na danna ci gaba. Lambar da ke nuna gudun saukar ta yi sama, Dogo ya saki numfashi, kafin ya gama sakinsa ta faɗo ta koma sifili.

Ya daki teburin da tafin hannu har kwalin ƙananan kusoshi ya tuntsire.

Ban taɓa ganin haka daga gare shi ba. Na ce a raina ɓacin rai ne, kowa da nasa. Na durƙusa na tsince kusoshin, bai ko sunkuyo ba.

Na ci gaba da bin matakai yadda Kawu ya koya mini, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na duba ko an sa wa manhajar wasannin iyakar gudu, ba a sa ba. Na share tarkacen da take tarawa, na rufe ta na sake buɗewa. Na canza yankin da ake sauko da wasan daga can zuwa wani mafi kusa. Na dakatar da manhajar kashe bairos na ɗan lokaci. Kowane mataki sai lambar ta ɗan motsa kamar mai shirin tashi, sai ta sake kwanciya. Sittin da uku, kamar an kafa ta da ƙusa.

A karo na huɗu ya fizge maus ɗin daga hannuna ya maka shi da bango. Ya tarwatse, ɗan ƙwallon tsakiyarsa ya gangara ƙarƙashin kanta. Na shago ne, ba nasa ba. Ya ce dama ya sani mace ba ta iya wannan aikin, ana dai lallaɓa ni ne. Muryar da yake gaida Umma da ita ban san inda ya ajiye ta ba. Wannan wata ce daban, mai kauri, daga ƙirji take fitowa.

Da na san abin da ke tafe da a nan na ce ya ɗauki kayansa. Amma kun san halina, in na'ura ta ƙi ni sai na ga ƙarshenta. Na ɗauko wani maus a aljihun tebur na jona.

Tunda layi lafiya, saura cikin kwamfutar. Na duba diski. Ni na ɗaura shi da hannuna ranar haɗawa, na san girmansa, amma sai na tarar ya cika saura ƙiris. Wasa kuwa in yana sauka yana buƙatar fili ya warware kayansa, in babu sai ya cije. Na tambaye shi wasa nawa ne a ciki, ya ce biyar. Biyar ko rabin diskin ba za su ci ba. Sai na buɗe tagar da ke nuna duk abin da ke aiki a ɓoye. A can sama akwai wata manhaja marar hoto, sunanta haruffa ne barkatai, tana ta jawo kaya daga waje tana zubawa a diski, tana kuma tura kwafinsu wani wuri iya ƙarfin layin. Ta shaƙe hanya, ta shaƙe diski. Wasan bai da ta inda zai wuce.

Na ce masa na gano ɓarawon. Har da ɗan murmushina, wai ni na yi nasara.

"Bar wannan," ya ce.

Da sauri ya faɗa, amma hannuna ya riga bakinsa. Na riga na danna inda take ajiye kayanta.

Jaka ce cike da wasu jakunkuna, kowacce da kwanan wata, tun wata biyar baya. Ta jiya ce a sama, ta buɗe da ƙananan hotuna a jere. Na farko ni ce. Ina tsaye gaban madubin ɗakina, kaina babu ɗankwali, ina gwada rigar da ban ma nuna wa Umma ba. Na biyu ni ce ina barci, wayata a gefen matashi ta ɗauko rabin fuskata. Ga hirarrakina da ƙawata. Ga saƙonnin murya. Ga wasu dogayen sautuka na awa biyu, awa uku, waɗanda ba kira ba ne, ɗakina ne kawai ake saurare. Ga koren mayafin.

Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Abin da na fahimta daga baya shi ne biyan wani ya yi ya saka masa ita a kwamfutar, shi bai san yadda take aiki ba, bai san ita ce ke cinye masa layi ba. Da hannunsa ya ɗauko asirinsa ya kawo mini tebur.

Na juyo na tambaye shi mene ne wannan. Ban ɗaga murya ba, muryar ma ba ta nan.

Bai musa ba, wannan ya fi komai tsorata ni. Ya ce matar da zai aura ce, tana yini cikin maza, yana da haƙƙin ya san abin da take yi. Ya ce in rufe in gyara masa wasansa, saura minti arba'in. Na ce wallahi ba zan rufe ba sai Kawu ya gani. Na kai hannu ga wayata.

Marin ban ga tahowarsa ba. Kunnena ya ɗauki ƙara, kujerar ta juya da ni na bugi kantar shagon. Kafin in miƙe ya damƙi mayafina tare da gashin ya ja ni baya, ya fizge wayar ya taka ta da dunduniya, sau ɗaya, sau biyu, har gilashinta ya zama gari. Ina jin ɗanɗanon jini a bakina. Ya sake ni ya juya wurin kwamfutar, ya fara laluben yadda zai goge jakar.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na rarrafa ƙarƙashin tebur na fizge wayar wuta daga bango. Fitilun suka mutu, fankokin suka tsaya.

Ya yi wani irin gurnani. Ya jawo ni ta ƙafa, ya ɗaga ni, ya danne hannuna na dama a bakin tebur, ya ɗauko kibod ya sauke mini gefensa a kan yatsu. Na ji ƙas a cikin ƙashina kafin zafin ya iso. Maɓallan suka watse a ƙasa. Yana dukan yana magana a hankali, kamar mai koyar da karatu, wai tun yanzu gara in san wanda zan zauna da shi. Ya ɗaga zai ƙara.

Ƙarfen da muke narka dalma da shi yana kan mazauninsa a gefen hagu, tun safe yake jone don ina gyaran allon cikin wata kwamfuta kafin ya zo. Ban yi tunani ba. Na ɗauka na manna masa a damtse, na danna.

Warin yadi da fata ya tashi. Ya sake ni da ihu, ya yi baya ya faɗa kan kantar gilashin da muke jera kaya, ta fashe da shi. Ya miƙe, hannunsa yana zubar da jini, ya ɗauki doguwar kujerar ƙarfe ya ɗaga sama. Na jingina da bango na rufe kaina. Na gama sallamawa.

"Sauke ta."

Mai ɗinki ce a bakin ƙofa. Mace ce mai jiki, ta haifi kamata, tef a wuyanta, babban almakashin yanka yadi a hannunta, ta riƙe shi yadda ake riƙe wuƙa. Bayanta mai tabarau ne da mutum uku daga hawan ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Ta ce masa in ya isa ya sauke kujerar a kaina, ita kuma za ta nuna masa abin da ta shekara talatin tana yi da almakashi.

Abin da ya biyo baya har yanzu yana tayar mini da tsigar jiki. Ya ajiye kujerar a hankali. Ya gyara wuyan rigarsa. Muryar gaisuwar Umma ta dawo tsaf, ya ce Hajiya ki yi haƙuri, ɗan saɓani ne tsakaninsa da wadda zai aura, ita ce ma ta ƙona shi, ga shi ku gani. Ya nufi kwamfutar zai ɗauka. Mai ɗinki ta sha gabansa ta ce babu abin da zai fita daga shagon nan sai mai shago ya dawo. Ya dube ni ta saman kafaɗarta, kallon da ba zan manta ba, ya fita yana riƙe da damtsensa.

Kafin a kai ni asibiti na roƙi mai ɗinki ta riƙe mini akwatin kwamfutar. Da hannun hagu na kwance gilashin, na cire diskin, na zura shi a aljihun rigar aikina na ja zif. Sannan na yarda na fashe da kuka.

Kawu a asibiti ya same mu. Da ya ga fuskata sai ya fita waje, na hango shi ta taga yana dukan bango da goshinsa a hankali. Likita ya ce yatsa ɗaya ya tsage, ɗaya ya goce, leɓe kuma ɗinki biyu. Kawu ya so mu wuce wurin 'yan sanda kai tsaye, na ce a fara kai ni gida. Ina son Ummata. Ko kun girma kun san wannan son.

Mun isa bayan magariba. Umma tana tsaye a tsakar falo da waya a hannu, mayafinta a kafaɗa kamar mai shirin fita. Mahaifiyar Dogo ta riga mu. Ta kira ta ce na ƙona mata ɗa da ƙarfe a kan wasan yara. Umma ta dubi bandejin, ta dubi leɓena, idonta ya ciko, amma abin da ya fito daga bakinta shi ne me na faɗa masa har ya kai ga haka.

Na zauna a kan kafet. Baba yana kujerarsa ta kusa da taga, rediyo a cinya, ya kashe ta. Kawu ya ba da labarin tun daga farko, ni na cike inda bai sani ba. Da na zo kan hoton da nake barci, Baba ya rufe ido. Na ce abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Irin wannan manhajar ba ta shiga waya daga nesa, sai an riƙe wayar a hannu, a buɗe, na tsawon mintuna. Ni kuwa ban taɓa ba shi wayata ba, bai san lambobin buɗe ta ba. Mutum biyu ne suka sani a duniya, ni da wadda nake buɗe wa tana kallon hotunan jikokinta.

Ban faɗa don in zargi kowa ba, Allah ya sani. Ina faɗa ne ina tunani. Da na ɗago, idona ya faɗa kan Umma.

Umma ta zauna a hannun kujera. Ta ce wata rana ce ina wanka, Dogo ya zo gaishe ta. Ya ce mata hankalinsa ba ya kwanciya da yadda nake dawowa ni kaɗai, akwai abin da ake sakawa a waya don in wani abu ya same ni a hanya a san inda nake. Ya ce kada a gaya mini, zan ce an raina ni. Ita ta ɗauko wayar daga caji, ita ta buɗe masa.

"Don tsaronki na yi," ta ce. "Yaron da ke durƙusa mini, ina zan san haka yake?"

Ta miƙo hannu za ta taɓa kafaɗata, jikina ya janye da kansa, ban sa shi ba. Wannan janyewar ta fi marin yi mini ciwo, ita ma na ga ta fi mata. Ta ce duk da haka a rufa asiri, a mayar musu da abinsu su goge, maganar nan in ta fita ni ce mace, ni za a yi wa dariya, hotunana ne a ciki ba nasa ba. Kawu ya ce Yaya ki ji tsoron Allah. Suka fara sa-in-sa, ita tana kuka shi yana rantsuwa.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa get. Kawu ya leƙa ya dawo ya ce baffannin Dogo ne su biyu, da shi kansa a bayan mota, hannu a naɗe. Sun ce sun zo a sasanta, a kuma ba su kayan ɗansu.

Baba ya ajiye rediyon a ƙasa. A rayuwata ban taɓa jin ya ɗaga wa Umma murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce mata ta shiga ɗaki. Ya ce wa Kawu ya kira mai ɗinki, ya kuma kira 'yan sandan da ya so kira tun ɗazu. Sannan ya zo ya durƙusa a gabana, tsoho da ciwon gwiwa, ya ɗaga hannuna mai bandeji ya duba shi sama da ƙasa kamar yadda yake duba taya kafin doguwar tafiya. Ya tambaye ni ko ina son mutumin nan har yanzu, in faɗa masa gaskiya, ba don kowa ba.

Na ce a'a, Baba.

"To share fuskarki, amma kada ki rufe ta," ya ce. "Su ga aikin ɗansu da idonsu. Ni zan buɗe get, ke za ki yi magana."

Ya kama ni na miƙe. Bakina yana zogi, ban san ko muryata za ta fita ba. Muka taka tsakar gida ni da shi, ya sa hannu ya zare sakata.